Matambayi Ba Ya Ɓata: Nasiha Ga Masu Neman Abin Yi A Lafiya

Tun ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato aka mai da Lafiya hedkwatarta, hankalin 'yan asalin yankin mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal ya fara karkata gida. Garin da Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa, wanda a da aka fi saninsa da doya da tashar jirgin ƙasa a kan layin Fatakwal zuwa Kaduna, yanzu yana da ma'aikatun gwamnati, da kwalejin aikin gona, da kwalejin kimiyya da fasaha mai ɗauke da sunan marigayi Sarki Isa Mustapha Agwai na Ɗaya, ga kuma Jami'ar Tarayya da ta soma aiki a 2011. Saboda haka kowane magidanci da ke Kurmi yana fata ɗansa ya sami gindin zama a can, ko kuwa ɗan jarin da ya tara ya haihu a can.

To, amma dubi yadda akan bi al'amarin. Yaro ya gama makaranta, a haɗa masa kuɗin mota da takardu cikin fayil, ya sauka Lafiya ya shiga zagayen ofisoshi har takalminsa ya suɗe. Ko kuma uba ya ji an ce riɗi na kawo kuɗi, ya aika da guminsa na shekara goma, ba tare da ya taɓa zama da mai sayen riɗi ko na minti biyar ba. Dukansu biyu sun tsallake mataki na farko, wato tambaya.

Abin da ake nufi shi ne mutum ya nemi wanda ya daɗe cikin sana'ar da yake sha'awa, ya roƙi rabin sa'a daga lokacinsa, ya zauna ya ji yadda aikin yake daga ciki. Sharaɗin kawai shi ne kada ya roƙi aiki, kada kuma ya roƙi rance. Mai neman aiki nauyi ne, akan sa masinja ya ce maigida ba ya nan. Mai neman sani kuwa girmama mutum ya yi, kuma da wuya a sami dattijon da ba ya son a tambaye shi abin da ya ƙware a kai.

Turawa sun rubuta littattafai a kan wannan dabara. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya bi diddigin ma'aikata a garin Newton kusa da Boston, ya buga sakamakon a 1974. Ya tarar fiye da rabinsu ta bakin mutane suka ji labarin aikin da suke yi, kuma yawancin masu ba da labarin mutane ne da ake haɗuwa da su jefi-jefi. Dalili a fili yake: abin da aminin mutum ya sani, shi ma ya riga ya sani, sabon labari yana hannun wanda ke zaune a wani zaure dabam.

Bahaushen Kurmi bai jira Bature ya koya masa wannan ba. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun a 1916, baƙon da ya zo da shanu ko ya zo sarin goro ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye. Sai ya sauka wurin maigida, ya ji farashi, ya ji mahaucin da ke biyan bashi da wanda ke cinyewa, sa'an nan ya kwance kaya. Sai da ɗan gari akan ci gari. Abin mamaki shi ne jikokin waɗannan fatake, da digirinsu da wayarsu, su ne ke shiga sana'a ido rufe.

Tambaya kuwa tana da tsari. Mai son harkar riɗi ya nemi sanin watan da kaya ke shigowa, da yadda ake gane mai ƙasa da mai danshi, da ko kamfanonin da ke fitar da shi waje suna biya nan take ko sai an jira. Mai son doya ya je kasuwar Agyaragu ya tambayi kuɗin mota zuwa Kudu, da yawan da kan ruɓe a hanya, da abin da ake biya a shingaye. Mai sha'awar shinkafa ya nemi wanda ya yi aiki a gonar Olam ta Rukubi a ƙasar Doma. Mai hangen ma'adinai, tun da an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar a 2024, ya tambayi irin takardar da ake nema da irin haɗarin da ke cikin aikin. Mai son koyarwa ko aikin jinya ya tambayi rajistar da doka ta wajabta kafin a ɗauke shi. Akwai kuma tambayoyi biyu da suka dace da kowa: mene ne ya fi karya sababbin shiga, kuma wa ya kamata a gani bayan wannan zama? Ta biyun ita ce ke mai da ƙofa ɗaya ta zama uku.

Ladabin ma sananne ne. A nemi izini tukuna, a zo kan lokaci, a gaisa da "ranka ya daɗe", a riƙe littafi da biro, a tashi kafin a gundura mai masauki. Bayan mako biyu a koma ko a buga waya a faɗi abin da aka yi da shawarar, domin zumunci a ƙafa yake.

Wani zai ce ai wannan shi ne "wa ka sani" aka sake wa riga. Tsoron nan yana da tushe, domin a 2023 Majalisar Wakilai sai da ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya. Amma takardar babban mutum tana ture wanda ya cancanta ne, ita kuwa tambaya tana sa mutum ya cancanta. Ɗan mai hali yana jin waɗannan bayanai a kan tabarmar ubansa kyauta. Ɗan mai gadi da ɗan mai shayi ba su da inda za su ji su, in ba sun tashi sun tambaya ba. Ashe talaka ne ya fi bukatar wannan hanya.

Sauran magana tana kan manyan da ke Kudu. Dillalin doya a kasuwar Mile 12 ko ta Bodija ya san irin doyar da Bayarabe ke so da watan da farashi ke faɗuwa, kuma ɗalibin kwalejin gona a Lafiya ba zai sami wannan a allo ba. Direban tirela ya san hanya fiye da taswira. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan gari da fadodin sarakunan Hausawa su keɓe sa'a guda a taronsu na wata-wata, a zaunar da gwani ɗaya matasa su yi masa tambayoyi, a kuma haɗa na gida da na Kurmi ta waya. Wannan ba ya cin ko kwabo, alhali kuwa zai iya tsare jarin da aka yi shekaru ana tarawa.

Iyayen da ke shirin tura yaro Lafiya bana, kafin kuɗin mota su fara ba shi sunayen mutum uku da zai je ya gaisar, ya zauna ya saurara. Fayil ɗin takardu ya jira sai zuwa na biyu.