Darajar Tsohuwar Dardumar Turkiyya Tana Ga Rininta

A kasuwannin Santambul, inda fatakenmu ke zuwa saro, da zarar darduma ta koɗe sai dillali ya kira ta tsohuwa, ya ninka kuɗinta. Alhali kuwa koɗewa ba shaidar tsufa ba ce.

Dardumomin ƙarni na 13 da aka gano a Masallacin Alaeddin na birnin Konya a 1905, har yau ja da shuɗin jikinsu ba su gushe ba, domin da saiwar tsiro da baba aka rina ulunsu. Rinin kanti bai samu ba sai a 1856. Da ya isa ƙauyukan Anatoliya ya zo da araha da sauƙin aiki, amma na farkonsa ba ya jure rana da ruwa. Wannan ɓarna ce ta sa a 1981 aka kafa shirin DOBAG don mayar da mata masaƙa kan rinin kakanninsu.

Saboda haka ya kamata mai saye ya bar sauraron tarihin da dillali ke rattabawa, ya buɗa gashin dardumar da yatsa. Idan sama ta yi fari amma gindi na ƙyalli, to, akwai alamar tambaya, domin wasu kan shanya sabuwa a rana ko su wanke ta da magani.

In ma ta tabbata ta tarihi ce, da sauran aiki: dokar Turkiyya ta 1983 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar.