Kar a zuba wa tarwada ƙananan kifin rafi da rai

Jama'a, wasu na zuba 'ya'yan karfasa masu rai a tankin tarwada wai don rage kuɗin abinci. Ni dai ban goyi baya ba. Kifin da aka kamo a rafi yakan zo da cuta a jikinsa, kuma a tankin leda ko na siminti, inda kifi ke cunkushe, nan da nan take bin su duka. Sannan manyan ne ke cafkewa, su ƙara girma, su juya kan ƙananan 'yan uwansu.

A kududdufi mai faɗi kam da sauƙi, karfasa na hayayyafa da kanta, tarwada na rage 'ya'yan. Amma in tanki gare ka, dafa su tukuna kafin ka zuba.