Tiyatar rage ƙiba: Ba a fafe gora ranar tafiya

Mutanen Kamba ba baƙin tafiya ba ne. Garin, wanda shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi a Jihar Kebbi, yana bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma idan hanya a buɗe take, daga nan zuwa Gaya, a tsallaka gadar Kogin Kwara a shiga Malanville ta ƙasar Benin, ba wata doguwar tafiya ba ce. Haka maƙwabtansu na Bagudo suke fita ta Tsamiya su faɗa Segbana. Wani fatauci ke kai shi Parakou da Kwatano, wani sarin kaya a Dubai ko Guangzhou, wani Umara da aikin Hajji, wani kuma jinya a Masar ko Indiya.

Masu halin irin waɗannan tafiye-tafiye su ne kuma masu halin biyan kuɗin tiyatar rage ƙiba, wadda aiki ne mai tsada. A nan ne matsalar take. Ɗaya daga cikin nau'o'in wannan tiyata, wato sanya zoben tumbi, ba a gama shi a ɗakin tiyata. Aiki ne da ke buƙatar mutum ya riƙa komawa wurin likita a kai a kai, shekara da shekaru. Duk wanda zai yi watanni a ƙasar waje da wannan zobe a cikinsa, bai kamata ya ɗauki jaka ba sai ya tsara yadda zai kula da shi.

Yadda zoben yake aiki

Ƙiba ta daina zama ciwon Turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Tana jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi a cikin barci. Likitoci suna auna ta da ma'aunin BMI, wanda ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 105, alal misali, ma'auninsa ya haura 36. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka ba da shawarar a duba yiwuwar tiyata ga wanda ma'auninsa ya kai 35, ko 30 idan yana da cuta irin ta sukari.

Zoben tumbi roba ce mai laushi da ake ɗaurawa a saman tumbi ta 'yan ƙananan huji, da taimakon na'ura mai kyamara. Sai ya raba tumbin gida biyu, ya bar 'yar jaka a sama wadda ba ta wuce girman ƙwan kaza ba. Da mutum ya ci loma kaɗan sai ya ji ya ƙoshi. Akwai siririn bututu da ya taso daga zoben zuwa wata 'yar mashiga da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita yake soka wata allura ta musamman ya ƙara ruwan gishiri don zoben ya matse, ko ya zuƙe don ya saki.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001, kuma ya yi tashe na wasu shekaru. Daga baya tashen ya ja baya, domin an ga mutane da dama suna komawa a sake yi musu aiki ko a cire zoben gaba ɗaya. Yanzu tiyatar yanke wani ɓangare na tumbi ta fi yawa a duniya. Duk da haka akwai masu yawo da zoben a jikinsu, kuma akwai asibitocin da har yanzu suke sanya shi.

Abin lura shi ne, zoben ba ya rage nauyi dare ɗaya. A hankali yake aiki cikin shekara biyu zuwa uku, kuma a shekarar farko akan daidaita shi sau da dama kafin a samu matsin da ya dace da mai shi. Idan ya yi sako-sako, yunwa ta dawo, nauyi ya biyo ta. Idan ya matse da yawa, sai amai da ƙwannafi.

Inda tafiya ke ɓata lissafi

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da aka sanya wa zobe, bayan wata uku ya tafi sarin kaya, ya ce mako biyu zai yi. Kaya ba su haɗu ba, kuɗi ya maƙale a hanya, mako biyu ya zama wata biyu. Ranar ganin likita ta wuce, ta biyu ma ta wuce.

Mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin cewa matafiyi ranar tafiya ya sani, bai san ranar dawowa ba. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Annobar korona ta tsayar da jiragen ƙasa da ƙasa daga Maris zuwa Satumban 2020, mutane da yawa suka maƙale a inda ta riske su. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Mai lafiya idan ya maƙale, asarar kuɗi da lokaci ya yi. Mai zobe a tumbi yana iya yin asarar da ta fi wannan.

Matsala ta biyu abincin hanya ne. Zoben abu mai tauri yake tarewa, ruwa kuwa wucewa yake yi salin-alin. Burodi da tsire da kilishi da shinkafar da ta bushe suna iya tsayawa a bakin zoben idan ba a tauna su sosai ba. Matafiyin da ya sha wahalar haɗiya sau ɗaya ko biyu a gaban jama'a, sai ya koma ga abin da ba ya ba shi kunya: shayi mai kauri da madara da sukari, fura da nono, kunun gyaɗa, yogot, lemon kwalba. Duk waɗannan suna ratsa zoben kamar babu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, ga shi kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da fiye da rabin wannan. Ta haka mutum zai yi wata uku yana ganin bai ci komai ba, ya dawo gida sikeli ya ƙaryata shi.

Ta uku ita ce kara. Baƙo a wurin Bahaushe ba ya ƙin abinci, kuma a zangon Kwatano ko masaukin alhazai a Makka, cin abinci a tire ɗaya shi ne zumunci. Ana ci da sauri, ana cewa "Alhaji, sa hannu mana." Da yawa daga waɗanda aka yi wa tiyatar ɓoye ta suke yi, don gudun a ce sun butulce wa ni'ima ko sun kasa kame bakinsu. Wanda ya ɓoye kuwa ba shi da hujjar ture kwano. Sai ya ci fiye da kima, ya zagaya ya amayar. Yawan amai na daga cikin abubuwan da ke sa zoben ya zame daga mazauninsa, kuma zamewar zobe tana iya toshe tumbi har ta kai ga tiyatar gaggawa.

Ta huɗu zafi ne. Mai zobe ba ya iya kwankwaɗar ruwa da yawa a tashi ɗaya, sai dai kurɓi-kurɓi. A Hajjin 2024, wanda jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi daga Birnin Kebbi, zafi ya haura digiri 50 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mutum fiye da 1,300. A irin wannan yanayi, wanda ke amai kuma ruwa ba ya shiga cikinsa da sauƙi yana cikin hatsari fiye da kowa a tawagarsa.

Shirin da ya wajaba kafin tashi

Na farko, a ga likita makonni kafin tafiya, ba ana gobe za a tashi ba. Matse zobe dab da tafiya kuskure ne, domin idan ya yi tsanani a hanya zai nuna. Wasu likitoci ma sukan ɗan sassauta shi ga mai doguwar tafiya. Wannan hukunci na likita ne, ba na majinyaci ko ɗan rakiyarsa ba.

Na biyu, a riƙe takarda. Ta nuna sunan samfurin zoben, ranar da aka sanya shi, yawan ruwan da ke ciki, inda mashigar take, da lambar likitan da ya yi aikin. Mai zuwa Benin ko Nijar ya sa a fassara masa ita da Faransanci, ya kuma ajiye hotonta a waya. Ba kowane asibiti ke da allurar da ake sassauta zoben da ita ba, kuma allurar yau da kullum tana iya lalata mashigar. Saboda haka a nemi sanin asibitin da ke wannan aiki a garin da za a sauka tun kafin a bar gida.

Na uku, dokokin ci ba sa tafiya hutu. Ƙaramin faranti, ƙaramar loma, tauna har abinci ya yi laushi, a ɗauki kamar minti 20 ana ci, a tsaya da zarar an ji alamar ƙoshi. A fara da abin da ke gina jiki, kamar kifi da ƙwai da wake da alale da nama mai laushi, kafin tuwo ko shinkafa. Kada a haɗa ci da sha, a ba da tazarar kamar rabin awa. A bar lemo mai gas. A riƙe gorar ruwa ana kurɓa duk yini. A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, ko a kantin magani ne, domin kilo biyu ya fi sauƙin gyarawa a kan kilo goma. Tafiyar ƙafa ta rabin awa a kullum ba ta buƙatar biza.

Na huɗu, magunguna. Mai ciwon sukari ko hawan jini da nauyinsa ke raguwa yana buƙatar a sake duba adadin maganinsa, don kada sukari ko jini ya faɗi a inda ba shi da kowa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙona tumbi, kada a sha su sai da izinin likita. Wanda Ramadan zai riska a waje ya tattauna batun azumi da likitansa da malaminsa tun a gida, musamman idan tiyatar ba ta daɗe ba, tun da shari'a ta yi rangwame ga marar lafiya da matafiyi.

Na biyar, a san alamun hatsari: kasa haɗiye ruwa ko yawu, amai ba ƙaƙƙautawa, ciwo mai tsanani a saman ciki ko ƙirji, amai da jini ko baƙin bayan gida, kumburi da ja a wurin mashigar tare da zazzaɓi. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki, asibiti ya nufa a ranar, ba jiran jirgin komawa gida ba. Aƙalla mutum ɗaya cikin abokan tafiya ya san sirrin, don ya yi magana idan mai shi ya kasa.

Nauyin da ke kan wasu

Ba majinyaci kaɗai ke da aiki ba. Dillalan da ke haɗa mutane da asibitocin waje su daina tallar wannan tiyata kamar ɗinkin riga, a auna, a biya, a karɓa. Likitan kirki zai tambayi mutum sana'arsa da nisan gidansa da asibiti kafin ya zaɓa masa nau'in aiki. Wanda rabin shekararsa a hanya take ƙarewa ya cancanci a gaya masa gaskiya, cewa zoben tumbi ya fi sauran nau'o'in buƙatar zirga-zirgar asibiti, a kuma baje masa sauran hanyoyin ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, da hukumar jin daɗin alhazai ta Jihar Kebbi suna tantance lafiyar maniyyata kowace shekara. Ƙara tambaya ɗaya a takardar tantancewar, ko an taɓa yi wa mutum tiyatar tumbi, ba zai ci ko sisi ba, amma zai sa likitocin tawaga su san da wa suke tafe. Haka kuma ya dace manyan asibitocin yankin, irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, su tabbatar sashensu na gaggawa yana da allurar da kuma wanda ya iya sassauta zoben. Aiki ne na 'yan mintuna, amma yana iya raba mutum da wuƙar tiyata.

Su kuma iyali da abokai, taimakon da ya fi sauƙi nasu ne. Idan baƙo ya ci loma biyar ya ce Alhamdulillahi, a amsa masa, a ɗauke kwano. Mutumin da ya kashe dukiyarsa ya kwanta aka yi masa aiki don ya tsira daga sukari da hawan jini, bai kamata ya rasa abin da ya samu saboda kunyar mai masauki ba.

Kamba da Bagudo za su ci gaba da fitar da matafiya, domin da tafiya arzikin yankin ya ginu. Wanda ke da zobe a tumbi ba a ce ya zauna a gida ba. Amma kamar yadda ba ya tashi sai ya duba fasfo da biza da kuɗin guzuri, haka ya kamata takardar likita da sunan asibitin da zai nufa su kasance cikin jakarsa tun kafin direba ya tayar da mota.