Firgici ba ya jin bulala

Shekara uku da suka wuce, a wata makarantar ƙauye wajen Gidan Rumji, wani ɗan ajina ya faɗa ƙarƙashin tebur don kawai babur ya wuce bayan taga. Na kira shi, shiru. Na ɗauka shashanci ne, na zuba masa bulala biyu. Daga baya kakarsa ta shaida mini cewa a kan babura ƴan bindiga suka shigo garinsu daren da aka kashe mahaifinsa. Har yau bulalar nan tana cin raina.

Tun 2019 dubban iyalai suka gudo daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maradi, kuma ƴaƴansu suna zaune a azuzuwanmu. Mu kuwa abin da muka iya biyu ne: nasiha da duka. Duka biyun ba sa kai wa inda ciwon yake.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Bessel van der Kolk, ya fitar da littafi a 2014 kan wannan magana. Ya nuna cewa bayan mummunan tashin hankali jiki yakan ci gaba da zaman ko-ta-kwana. Ƙara kaɗan, sai zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarta, gaɓoɓi su sandare, tun kafin tunani ya sa baki. Yaron da ke cikin wannan hali ba taurin kai yake yi ba.

Shi ya sa wasu masu jinya suke farawa da jiki kafin labari. A sa yaro ya dafa ƙafafunsa a ƙasa, ya ja numfashi, ya fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin hakan na rage bugun zuciya. Ya faɗi abubuwan da yake gani a ɗakin. Ba a matsa masa ya ba da labarin daren.

Ban ce wannan ya wadatar ba. Binciken da aka yi kan waɗannan dabaru bai kai na jinyar tattaunawa da ƙwararre yawa ba, kuma yaron da ya daina barci ko cin abinci asibiti ya kamata a kai shi. Amma ƙwararrun nan nawa ne a ƙauyukanmu?

Yanzu a ajina muna buɗe safiya da numfashi biyar tare, kuma na daina hana ƴan mata gaɗa da tafi lokacin hutu. Yaron nan na maida shi kusa da ƙofa, inda yake hango babur tun kafin ya ji ƙararsa.