Doka Ba Ta Koyuwa a Waya

Masu koyar da gyaran gashin geisha a intanet sun ce madubi da mataji sun wadatar. Yaudara ce. A Kyoto, ɗalibar geisha wurin gwani take zuwa kusan kowane mako, sannan ta kwana da wuyanta bisa matashi mai gindin katako don kada gashin ya rushe.

'Yar bokon Haɗeja da ke jinjina wa Japanawa ita ce ke taya makitsiyar unguwarsu kamar mai cinikin bandar kifi. Alhali doka, da ake tayar da gashi bisa ƙunshin tsumma a tsakar ka, gini ce irin wancan. Tsofaffin da suka iya ta suna ƙarewa, masu digiri kuwa sun fi ƙarfin durƙusawa gabansu su koya.