Digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan'adam: Son taimako kaɗai ba ya buɗe ƙofa

Duk shekara, ɗalibai da dama na neman gurbin digirin digirgir a jami'o'in Amurka, a ɓangaren ilimin halayyar ɗan'adam da ke kula da masu matsalar ƙwaƙwalwa. Da yawansu kan cika takardar nema da bayanin yadda suke tausayin marasa lafiya. Niyyar tana da kyau, amma ba ita malaman ke fara dubawa ba.

Tun bayan taron Boulder na 1949, an gina digirin PhD na wannan fanni a kan cewa ɗalibi ya fito a matsayin mai bincike kuma mai duba marasa lafiya. Shi ya sa galibi wani malami ne ke zaɓar ɗalibin da zai yi aiki a ƙarƙashinsa na shekara 5 zuwa 7, ciki har da shekara guda ta horo a asibiti ko makamancinsa. Wanda zai ɗauki wannan nauyi yana son ganin hujja: ɗalibin ya taɓa tattara bayanai? Ya iya nazarin alƙaluma? Yana da tambayar da ta dace da aikin malamin?

Akwai kuma digirin PsyD, wanda ya fi karkata ga duba marasa lafiya. Sai dai yawanci ɗalibi ne ke biyan kuɗinsa, saɓanin PhD da akan yafe kuɗin makaranta har a ba da alawus.

Yawancin jami'o'in kan rufe karɓar takardu a farkon Disamba, kuma sukan nemi wasiƙar shaida daga mutum uku. Wasiƙar malamin da ya ga aikin ɗalibi da idonsa ta fi ta babban farfesan da bai san shi ba.

Saboda haka shiri na gaskiya kan fara ne shekara ɗaya ko biyu kafin nan. Ga ɗalibin arewacin Najeriya, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware wurare ne da zai iya neman gogewa. Tambayoyin bincike ma suna nan a gida: shin ma'aunin gano ciwon damuwa da aka rubuta da Turanci yana auna abu ɗaya idan aka mayar da shi Hausa?

Ɗalibin da ya je da irin wannan tambaya, da shaidar ya fara aiki a kanta, ya fi wanda ya je da tausayi kawai damar samun gurbi.