ZARE: Ranchers Bees ta waye?

1/ Daren jiya a gidan kallon unguwarmu nan Mando saura ƙiris a ba hammata iska kan Man U da Arsenal, har da zagin iyaye. Na tambayi wanda ya fi kowa ɗaga murya: wane kulob ɗin Kaduna ne ya taɓa buga wasan ƙarshe na kofin Afirka? Ya ce, "Wai akwai?" Shi ya sa na buɗe zaren nan. Ku yi haƙuri, da tsawo.

2/ Akwai, Malam. Sunansa Ranchers Bees. Ni ma ban ga zamaninsu ba, ba a ma haife ni ba. A bakin Babanmu na fara jin labarin, shi da yake taka sayyada daga Tudun Wada zuwa filin wasa yana saurayi, don kawai ya ga Bees. Har yau in ya fara ba ya gajiya.

3/ Asalin sunan DIC Bees. DIC ɗin nan ita ce masana'antar ƙera makamai ta sojoji da ke Kakuri, wadda aka kafa a 1964. Lokacin haka abin yake a Najeriya: kamfani ko ma'aikata ke riƙe da kulob, ɗan wasa ma'aikaci ne, yana da albashi.

4/ A 1983 DIC Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Challenge Cup. Enugu Rangers ce ta doke ta, shi ma sai a bugun fenariti. Rangers fa, ta wancan lokacin, da kowa ke tsoro.

5/ Daga nan kulob ya bar hannun masana'anta ya koma hannun attajiri guda, marigayi Alhaji Muktar Aruwa, wanda daga baya ya yi sanatan Kaduna ta Tsakiya daga 1999 zuwa 2007. Suna ya koma Ranchers Bees. Allah ya jiƙansa, ya zuba dukiyarsa, wannan babu mai musu.

6/ Ga sakamakon. 1987: wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Abiola Babes ta ɗauka. 1988: wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka, CA Bizertin ta Tunisiya ta sha da ƙyar da ci ɗaya tal a wasa biyu. 1989: Bees ta ɗauko kofin WAFU na Afirka ta Yamma a hannun ASEC ta Abidjan.

7/ ASEC Mimosas fa! Wadda daga baya ta yaye su Kolo Toure da Yaya Toure. Ita tana nan daram, kowace shekara ana jin ta a Afirka. Mu da muka doke ta, yaranmu ba su ma san sunan kulob ɗin ba. A nan ne abin ke min ciwo.

8/ Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, daga Ranchers ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Ya ci kofin FA da Everton a 1995, kofin Afirka a 1994, zinaren Olamfik a 1996. Da yawanmu mun san shi a Everton, ba mu san a garinmu ya fara ba.

9/ To me ya faru? Abin da ke faruwa da duk kulob ɗin da aljihu ɗaya ke ɗauke da shi. Ranar da aljihun ya gaji, ko hankalin mai shi ya koma wani wajen, shikenan. Bees ta faɗo daga babban rukuni, ta yi shekaru tana fama a ƙasa, filin da ake cika maƙil ya koma wayam.

10/ Kuma ba ita kaɗai ba. Ina Abiola Babes da ta doke mu a 1987? Ina Leventis United ta Ibadan? Ina Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978? Ina BCC Lions ta Gboko da ta ɗauko kofin Afirka a 1990? Mai shi ya janye, ko kamfani ya durƙushe, kulob ya bi shi.

11/ Na san wani zai ce, "To ai gwamnati ta karɓa mana." Mun gwada, ɗan'uwa. Kaduna United ta gwamnatin jiha ce. A 2010 ta doke Enyimba a fenariti ta ɗauki kofin Federation Cup. Yau ina take a Firimiyar Najeriya? Kulob ɗin gwamnati numfashinsa na hannun wanda ke kan kujera. In bai damu da ƙwallo ba, kun shiga uku.

12/ Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na Kada City. A 2019 ta hau Firimiya, muka ce alhamdulillahi Kaduna ta dawo. Kaka ba ta ƙare ba aka sayar da gurbin, ya koma Delta Force. Daga can kuma gurbin ya faɗa hannun Kwara United. Kamar ana cinikin shago a Kasuwar Barci.

13/ Kuma doka ba ta hana ba. Mai abu ya sayar da abinsa. Mu da muka sha rana muka yi ihu a filin, ba mu da ko takarda ɗaya da za mu ɗaga mu ce da mu a ciki. Mu 'yan kallo ne kawai, kamar masu rakiyar amarya.

14/ Yanzu Bees ta sake sauya hannu. Sadiq Umar, ɗan Kaduna da ya buga wa Roma da Almeria da Real Sociedad, ya shigo, tare da Hon. Bello El-Rufai. Wallahi na yi murna. Yaron gari ya samu, ya waiwayo gida, wannan abin a yaba ne. Da yawa sun samu ba su waiwayo ba.

15/ Amma murna ba za ta hana ni tambaya ba. Daga masana'anta zuwa attajiri, daga attajiri zuwa ɗan ƙwallo da ɗan siyasa. Hannu na uku kenan, tsarin bai canja ba. Ɗan ƙwallo zai yi ritaya wata rana. Siyasa kuwa kowa ya san rigar 'yanci ce, yau naka gobe na wani. Ranar nan, Bees ta waye?

16/ Kafin 'yan jam'iyya su cika min akwati: ba ruwana da jam'iyyar kowa a zaren nan. Ko waliyyi ne ya sayi kulob ɗin, tambayar nan zan yi masa. Mutum ba ya dawwama. Tsari ake ginawa tun mai kyautatawa yana nan, ba sai ya tafi a zauna ana da-na-sani ba.

17/ Ku duba Jamus. Suna da dokar 50+1: mafi yawan ƙuri'u a kulob na hannun mambobi, wato magoya baya masu rajista. Mai kuɗi zai zuba jari, amma ba zai tashi da safe ya kwashe Dortmund ya kai wani gari ba. Real Madrid da Barcelona da muke mutuwa a kansu, mambobi ke zaɓen shugabansu.

18/ A Ingila da aka amince a ɗauke Wimbledon daga unguwarsu zuwa Milton Keynes, magoya baya ba su tsaya kuka ba. A 2002 suka kafa AFC Wimbledon da kuɗinsu, suka faro daga can ƙasa, suka hauro har rukunin ƙwararru. Mu da aka sayar da gurbinmu, me muka yi? Muka koma kallon Chelsea.

19/ Don haka laifin ba na masu kuɗi kaɗai ba ne, har da mu. "Ba kuɗi, talauci." Haba! Lissafa abin da kake kashewa a wata: kuɗin gidan kallo, data, rigar Madrid ta jabu, ga masu zuba na abinci a caca. Amma tikitin kulob ɗin garinka, sai ka nemi wanda zai shigar da kai kyauta.

20/ Lissafi mai sauƙi. Mutum 10,000 a duk faɗin Kaduna, daga Mando zuwa Kawo, Rigasa, Kakuri, Sabon Tasha, kowa ya ba da N1,000 a wata. Miliyan 10 kenan duk wata, miliyan 120 a shekara. Ba zai riƙe kulob shi kaɗai ba, amma ya isa ya sama mana kujera a teburin shawara.

21/ Kuma ku lura da unguwannin da na lissafa. Garin da rikici ya raba, wasu suka koma wancan hayin kogi wasu wannan. Baba ya ce a zamanin Bees ba wanda ke tambayar addinin na kusa da shi in an ci ƙwallo, rungumarsa kawai kake yi. Abubuwa nawa suka rage mana irin wannan?

22/ Ga ƙanena, shekararsa 16, kullum yana filin ƙasa a bayan unguwa. Bara wani da ya kira kansa wakilin 'yan wasa ya karɓi kuɗin Mama, wai zai kai shi gwaji waje. Har yau wayarsa a kashe. Da akwai kulob mai makarantar yara da rajista a garin nan, da wa zai bi ɗan damfara?

23/ Kuma akwai kuɗi a ciki. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Garin da ya haifi Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da Sadiq, ai baiwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Takarda ce ba ma ajiyewa.

24/ Roƙona ga masu Bees na yau, cikin girmamawa, abu huɗu: a buɗe rajistar mambobi da kati. A ba mambobi kaso da wakili a hukumar kulob. A riƙa bayyana kuɗin shiga da fita duk shekara. A rubuta a tsarin kulob cewa ba a sayar da suna ko gurbi zuwa wajen Kaduna sai da yardar mambobi.

25/ In suka yi haka, sunansu zai daɗe fiye da na duk wanda ya riƙe kulob ɗin kafin su. In ba su yi ba, ina tsoron nan da shekara 20 wani ɗalibi zai zauna ya rubuta irin zaren nan, ya ƙara sunansu a jerin waɗanda suka yi ƙoƙari suka tafi.

26/ Mu kuma 'yan Mando, wasan gida na gaba zan je, da kuɗina zan sayi tikiti, zan ɗauki Baba da ƙanena. Wanda zai je ya yi magana a ƙasa mu haɗu a shataletalen Mando mu cika mota. Wanda kuma babansa ko kawunsa ke da tsohon hoton Bees, don Allah ya ɗora mu gani.